A-Sung da Akwati Mai Surutu

Lu Tien-sung, wanda duk garin Magong na tsibiran Penghu ke kira A-Sung, a gidan masunta aka haife shi. Kakansa masunci, ubansa masunci, yayyensa biyu tun ba su iya ɗaura wando ba suka iya ɗaura ƙugiya. Shi kuwa ranar da aka fara ɗora shi a jirgin uban, ko igiya ba a kwance ba ya dawo da kunun shinkafar da ya sha da safe, ya biyo da na jiya. Uban ya dube shi, ya dubi sararin sama, ya ce, "Wannan na tudu ne. A kai shi wajen mai gyaran rediyo."

Aka kai shi, sai ga yaro ya sami gida. Ya koyi gane wayar da ta ƙone da hanci, ya koyi kasa wa inji kunne kamar ungozoma a kan ciki. Da lokacin aikin soja ya zo aka jefa shi sashen jan wayar tarho, ya yi ta hawan turken waya yana murna, don turke ba ya tangaɗi. Ya dawo ya buɗe ɗan shago, ya gyara rediyo, ya gyara talabijin, da kwamfuta ta shigo gari ya aika Taiwan aka sayo masa littattafai, ya zauna da ƙamus a cinya har ya ci ƙarfinta. Mutane suka koma kiransa Saihu, kamar yadda muke kiran duk wanda sana'a ta zauna a hannunsa.

Aure ne ya gagara. Ba laifin tsohuwarsa ba ne, ta gaji da zirga-zirga gidan masu haɗa aure. An zaunar da shi gaban 'yan mata sun fi a ƙirga. Wata ya yi ta yi mata bayanin yadda fis ɗin lantarki ke ƙonewa har shayinta ya huce. Wata ya ga agogon hannunta ya tsaya, ya karɓa ya gyara, ya miƙa mata ya tashi ya tafi, a zatonsa abin da aka kira shi yi ke nan. Haka ya haye arba'in, mutum mai fara'a, mai ɗan tumbi, wanda ke hira da inji kamar abokin wasa amma in mace ta dube shi sai harshe ya naɗe.

A shekarar 1996 ne Maigida Ong ya aika a kira shi. Ong yana da gidan ƙanƙara da kamfanin busar da kifi a Magong, yana kuma da rumfar sayen kifi a wani ɗan tsibiri can kudu. Babbar kwamfuta tana Magong, ƙarama tana tsibirin. Wani ɗan kwangila daga Taiwan ya zo ya haɗa su da akwatuna biyu, irin waɗanda 'yan sana'a ke kira rauta, ya maƙala su a layin tarho, ya hau jirgin sama ya koma gida.

To, injinan zamanin nan da wani yare suke magana, IPX, kuma yare ne na masu surutu. Kowane minti sai akwati ya yi shela: ina nan, ga gidajen da na sani, ga hanyar zuwa kowanne. Ɗan'uwansa ya amsa da tasa shelar. A cikin ofis guda wannan ba ya damun kowa. Amma tsakanin tsibiri da tsibiri, kowace shela bugun waya ce, kuma kafin a ajiye ta farko ta biyu ta iso. Layin rumfar kuwa shi ne layin da rabin tsofaffin tsibirin ke jiran kiran 'ya'yansu da ke aiki a Taiwan.

"Je ka rufe wa akwatin nan baki," in ji Ong. "Tsofaffin can sun ce ko jelar kifi ba za su ƙara sayar mini ba."

"Maigida, jirgin ruwa fa ake shiga."

"Da ƙafa za ka taka? Sha magani ka wuce."

Jirgin na Kawu Pao ne, wani tsoho mai wuya kamar kututture. Ya ga A-Sung ya rungume jakar kayan aiki yana leƙen ruwa, ya ce, "Ba kai ne ɗan autan Lu ba? Na tudun nan?" Ya sa ƙafa ya turo masa bokiti. A-Sung bai kunyata mai bokiti ba.

A bakin gaɓa wata mace ce tsaye gaban sikeli, ta ɗaure kai da fuska da gyale saboda rana kamar yadda matanmu ke yi, ido kaɗai a waje. A-Chu ke nan, 'yar Kawu Pao. Mijinta ya rasu da daɗewa, ita ke riƙe da rumfar Ong, kuma in ta kira nauyin kwando ana jinta har bayan haikali.

"Kai ne Saihun?"

"Ni ne, Yaya A-Chu."

"Wa ya ce maka na girme ka? Baba, Saihu aka ce ka kawo, ka kawo mana saura. Dubi fuskarsa, koriya shar kamar ciyawar teku. Zauna kafin ka faɗa mini kan sikeli in auna ka."

Ta kwance gyalen ta kawo masa ruwan citta mai zafi. A-Sung ya ɗaga kai zai yi godiya, ya ga fuskar, godiyar ta maƙale. Ya juya wajen akwatin, don shi dai ya san yadda ake magana da shi. Akwatin na ta kiran waya, ƙiiii, shuuu, kamar an taka wutsiyar kyanwa.

"Haka yake yi tun bazara," in ji ta. "Na yi masa tsawa, na rufe shi da tawul, maƙwabciyarmu Inna Hung har turare ta kunna masa. Mene ne ciwonsa?"

A nan bakin A-Sung ya buɗe. "Ba ciwo ba ne, rashin sanin hanya ne. Kullum tambaya yake, kullum sanarwa. Za a hana shi duka biyun, a rubuta masa hanya da hannu. Gida kaza kake nema? Bi ta ƙofa kaza, buga lamba kaza. Sunan babbar kwamfutar ma a rubuta masa, kada ya ce sai ya ji daga bakinta. Sannan na Magong a rubuta masa hanyar dawowa, in ba haka ba saƙo ya je, amsa ta tsaya tana zare ido."

"Daga nan fa?"

"Daga nan sai kin taɓa maɓalli zai buga waya, ya gama ya ajiye. Hanyar da aka rubuta da hannu ba ta motsi. Ba zai ƙara neman kowa ba. Ko ni."

Ya ji abin da ya faɗa daidai lokacin da ta dire masa kwanon taliyar shinkafa da kabewa, tururi na tashi. Aikin na rabin wuni ne, ya sani sarai. Ya ci taliya, ya kalli akwati, ya kalli mai taliya ta wutsiyar ido, ya yi gyaran murya.

"Aikin da ɗan girma. Sai na dawo."

Don kada alhakin tsofaffi ya kama shi, ya nuna mata yadda za ta zare wayar akwatin da rana ta maƙala ta tarho, kowa ya sha hirarsa, da yamma ta mayar. Tsofaffi suka huce, Ong ya ci gaba da samun kifi, A-Sung ya sami hanyar zuwa tsibiri.

Zuwa na biyu ya ce lambobi ya zo kwafa. Na uku ya ce gishirin iska ya ci bakin waya. Wani zuwan ma bai buɗe jaka ba, ya zauna yana taya ta shanya kifin nan mai feso tawada a kan raga, tana yi masa tsiya wai yana jera su kamar mai jera sukurori. Kawu Pao ya sa fenti ya rubuta sunansa a jikin bokitin.

"Saihu," in ji tsohon wata rana suna tsakiyar ruwa, "na ga an gina haikali, na ga an gina tashar jiragen ruwa, ban ga aikin da ya kai na akwatin nan daɗewa ba."

A-Sung ya ɗago kai daga bokiti. "Inji ne mai wuyar sha'ani, Kawu."

"Haka uwar A-Chu ma take."

Ana gama bikin wata na tsakiyar kaka Ong ya tare shi a ƙofar gidan ƙanƙara. "Kai, A-Sung, ni fa ba yaro ba ne. Iskar hunturu na hanya. In ta sauko, jirgin Pao sai ya ga dama zai fita, kai kuwa ko an ɗaure ka ba za ka shiga ba. Gobe ka rufe aikin nan, ko in kira ɗan Taiwan ya dawo."

A-Sung ya shiga ɗakin babbar kwamfuta, ya rubuta wa akwatin Magong hanyarsa, ya adana, ya duba, ya sake dubawa. Washegari ya haye ruwa kamar mai zuwa jana'iza. Ya jona kwamfutar rumfa da akwati da wata shuɗiyar waya, ya zauna. Ya hana shela. Ya rubuta lambar gidan Magong, da ƙofar da za a bi, da lambar da za a buga. Ya rubuta sunan babbar kwamfuta. Akwatin ya ƙara ihu ɗaya ya yi tsit.

Shirun bai daɗe ba tarho ya yi ƙara da kansa, ba wanda ya zare komai. A-Chu ta ɗauka, ta leƙa waje ta kwarara murya: "Inna Hung! Ɗanki na Kaohsiung!" Tsohuwa ta taho da gudu, takalmi ɗaya a ƙafa. Rumfa ta cika da dariya, wani ya buga bayan A-Sung har tabaransa ya zame.

Saura abu guda, umarnin ƙarshe, wanda ke sa akwati ya riƙe abin da aka rubuta masa ko da wuta ta ɗauke. In ba a ba shi ba, duk aikin a kan ruwa aka rubuta. Wannan shi ne abin da ake fara dukan ɗan koyo a kai, kuma A-Sung bai taɓa mantawa da shi ba tun da ya fara taɓa irin akwatunan nan. Ya ɗora yatsu ke nan A-Chu ta tsaya a kansa, hannu a ƙugu.

"To, Saihu. Shi ke nan ba za mu ƙara ganinka ba?"

Ga ƙofa an buɗe masa har bango. Maganar ta taso daga ciki, ta iso maƙogwaro, ta leƙo, ta ga idon A-Chu, ta koma. Jirgi ya busa ƙaho.

"Akwatin ya warke," in ji A-Sung.

Ta dube shi kamar kifin da ya kwana. Ta ɗauko ƙunshin busasshen kifi ta maka masa a ƙirji. "Ungo. Kai wa tsohuwarka. Ita dai na san tana da baki."

Ya tashi ya bar shuɗiyar wayar a jone, ya bar umarnin ƙarshe a yatsunsa.

Iska ta sauko kamar yadda ta saba, ta kwashe hular kowa, ta sa gishiri a kan tagogi. A-Sung ya zauna a shago yana kwance rediyon da ba abin da ya same shi. Lambar rumfar na cikin kansa, layin kuma ga shi a buɗe, shi ya buɗe shi da hannunsa. Amma in ya kira ya ce me? Inji lafiya lau, dalili ya ƙare. Tsohuwarsa ta ci kifin ta ce wanda ya busar da wannan ya san hannunsa, A-Sung ya tashi ya fita tsakar gida.

Wata safiya yana cikin wannan hali tarhon shago ya yi ƙara.

"Saihu! Majinyacinka ya tashi!" Sai da ya janye kan tarhon daga kunne. "Iska ta kayar da turken lantarki jiya, wuta ta ɗauke. Da ta dawo, ɗan banzan nan ya farka yana ihu kamar ba a taɓa yi masa magana ba. Sai da na zare shi na samu na kira ka."

A-Sung ya dafe goshi. Nan take ya ga yatsunsa a kan maɓallai, ya ga hannu a ƙugu. Kunya ta rufe shi, sai kuma wani daɗi ya biyo bayanta, har ya rasa wanne zai fara ji.

"Ban adana ba," ya ce.

"Ba ka me?"

"Na rubuta masa hanya, ban ce ya riƙe ba."

"Kai da aka ce duk Penghu ba kamarka? To ka zo ka gyara. Af, na manta, Baba ya ce ko shi ba ya fita a wannan ruwan, balle mai bokiti."

"Ke za ki rubuta. Shuɗiyar wayar na nan a jone? Zauna gaban kwamfutar."

A-Chu ta san lambobi kamar yunwar cikinta, amma baƙaƙen Turawa ba su taɓa haɗa ta da komai ba. A-Sung ya bi da ita ɗaya bayan ɗaya. Nemi mai kama da sanda da ɗigo a ka. Nemi mai kama da tuta a kan turke. Nemi sanduna biyu a gicciye.

"Wannan mai kama da ƙugiya fa?"

"Kar ki taɓa shi!"

"Na riga na taɓa."

"Goge."

"Ka yi mini tsawa kuma in jefa shi teku. Baba, bar wajen nan, numfashinka na shiga mini kunne."

Suka yi ta yi har rana ta take tsaka. Ya faɗa, ta rubuta, ta karanto masa abin da akwatin ya amsa da irin karatun da ya sa shi dariya har hawaye. Bai taɓa doguwar magana da mace haka ba, kuma ko sau ɗaya harshen bai naɗe ba. Da suka kai ƙarshe ya ce ta ajiye tarho, ta mayar da wayar akwati, ta gwada. Ya ruga gidan ƙanƙara a cikin iska, ya tarar da nauyin kifin tsibiri ya iso kan allo, layi kuma ya koma ya yi shiru. Ya rugo shago yana haki, tarho na ƙara.

"Ya yi," in ji ta.

"Ya yi! Saura guda, wanda na manta." Ya faɗa mata baƙaƙen, ta rubuta. "To danna babban maɓallin nan na dama."

Ya kasa kunne, bai ji ƙarar maɓalli ba.

"Kin danna?"

"Yatsana na kai. Tsaya in tambaye ka. In na danna, ya riƙe har abada?"

"Ko wuta ta ɗauke sau nawa."

"Ba zai ƙara neman kowa ba. Ko kai. Haka ka ce ranar farko, ina ji."

"Haka ne."

"To ba zan danna ba."

"A-Chu, in wuta ta sake..."

"Ta ɗauke mana. Sai in sake kiranka, mu sake wuni muna neman sanda mai ɗigo. Ni ban gaji ba. Amma ni ba yarinya ba ce, A-Sung, kuma kai ma ka ga furfura a madubi. In akwai abin da zai kawo ka tsibirin nan ban da akwati, faɗe shi yanzu in danna. In babu, faɗa mini, shi ma in danna, kowa ya kama gabansa."

A-Sung ya duba shago ko akwai injin da zai cece shi. Rediyoyi suka zuba masa ido. Ya riƙe kan tarho da hannu biyu.

"Taliyar kabewa," ya ce.

"Taliya! Ana sayarwa a kasuwar Magong."

"Ba irin... A-Chu, aikin nan na rabin wuni ne. Tun ranar farko na rabin wuni ne. Gishiri bai ci bakin wayar komai ba."

"Duk tsibirin nan ya sani, har kaji. Ci gaba."

"Ina so in zo in... in kawo Maigida Ong wajen Kawu. Da kek na neman aure. In kin yarda."

Ya ji ƙarar maɓalli, ƙwas, kamar an fasa gyaɗa. Sai muryarta, a karo na farko ƙasa-ƙasa: "Ya rubuto wasu baƙaƙe biyu. Ƙwai da wani mai ƙafa a buɗe."

"OK ke nan. Ya riƙe."

Aka yi kokawa da kan tarho, muryar Kawu Pao ta faso. "Ɗan Lu! Na zaci sai na mutu za ka furta. Iska na kwantawa ka taho. Kek kuma ba na gidana kaɗai ba, kowane gida a tsibirin nan sai ya ci, don kowa ya sha wahalar kallonka."

Lokacin sanyin nan Ong ya yi ta ƙorafi wai ya biya an rufe bakin inji, ga shi layin ya fi da cushewa. Amma da iska ta faɗi shi ya fara sa kwat, ya sayi kwalbar giyar dawa, ya sa aka loda kwalayen kek har jirgin Pao ya ɗan nutsa. Aka zauna a falon tsohon, aka kunna turare gaban allunan sunayen kakanni, A-Chu ta zagaya da shayi mai zaƙi kamar ba ita ce mai tsawa a bakin sikeli ba. Ong ya yi jawabi mai tsawo, ya yabi A-Sung har A-Sung ya fara waige ko da wani ake.

Kawu Pao ya bari ya gama, ya ce, "Duk na ji. A ina za su zauna? 'Yata ba ta barin sikelinta."

"A nan, Kawu," in ji A-Sung, ko haɗiyar yawu bai yi ba. "Na yi magana da tsohuwata, ta ce ita ma tana so ta ga inda ake busar da kifin nan. Jiragen nan duk suna da rediyo, kuma a ɗaure suke a gaɓa in za a gyara."

Shayi ya sarƙe Ong. "A nan? Injinana na Magong fa? Ni na kawo ka neman aure, ashe sallamar kaina na zo yi!"

"Maigida, da hannu na rubuta musu hanya. Ba za su neme ni ba. In sun nema, ka bugo."

"Bayan azahar," in ji A-Chu, tana karɓe kofin daga hannun Ong. "Da safe yana shanyar kifi."